Aljanu a Cikin Gari: Inda Dogon Labari Yake Riƙewa da Inda Yake Ɓallewa

A tashar motar Garwa, ko a cikin jirgin ƙasan da ke tashi daga Ngaundare da almuru ya kwana a hanya kafin ya shiga Yawunde, ba wuya ka ga mutum da abin sauraro a kunne yana bin labarin da ya kai kashi na ɗari da wani abu. Wasu a guruf na WhatsApp suke karantawa, feji bayan feji, wasu kuma a YouTube suke ji ana karanta musu. Cikin labaran da suka fi riƙe mutane akwai irin wanda ake ɗauko aljani, ko maye, ko matsafi, ko 'yar ruwa, a ajiye su a tsakiyar gari irin namu na yau, mai wutar lantarki da jandarmomi da tura kuɗi ta waya. Aljanin yana da rumfa a kasuwa. Matsafin yana da ofis da sakatariya. Wanda zai tare su kuwa ɗan babur ne na haya wanda bai gama biyan kuɗin babur ɗin ba.

Fara irin wannan labari ba shi da wuya, kuma feji hamsin na farko kusan kullum da daɗi suke. Tambayar ita ce yaya yake kasancewa a feji na ɗari huɗu, ko a littafi na goma sha biyar, ko kuma ranar da wani sabon mai karatu ya ɗauko na farkon bayan shekara goma da rubuta shi.

Sai an fara raba shi da ɗan'uwansa, wato littafin yaƙi na takobi da garkuwa da biranen da babu su a taswira. A can marubuci shi ke da duniyar baki ɗaya. In ya ce tafiyar kwana arba'in ce tsakanin birni da birni, babu mai musa masa. A labarin aljanun gari kuwa rabin duniyar kaɗai ke hannunsa. Ɗaya rabin na mai karatu ne, domin shi ma ya san minti nawa ne daga unguwar Rumde Ajiya ta Garwa zuwa gadar Binuwai, ya san kogin mayo Kaliyawo na Marwa rairayi ne zalla da rani, ya san gadar Ngeli da ke tsakanin Kusuri da Injamena ba ta tsallakuwa da tsakar dare kamar hanyar gidan surukai. Agogo biyu ke tafiya a cikin labarin. Na ɓoyayyar duniya marubuci ke murɗa shi. Na gari kuwa tafiyarsa yake yi, ko marubuci ya so ko ya ƙi. Yawancin ɓarnar da ke samun dogon labari daga saɓanin waɗannan agoguna biyu take fitowa.

Misalin da ya fi dacewa a auna da shi a ƙasashen Turawa shi ne jerin littattafan The Dresden Files na Jim Butcher, domin ya daɗe sosai har tsufansa ya bayyana. Na farko ya fito a 2000, na goma sha bakwai a 2020. Jaruminsa matsafi ne kuma mai binciken sirri a birnin Shikago na Amurka, wanda ya sa tallar sana'arsa a kundin lambobin waya kamar kowane mai gyaran famfo. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, ya yi haƙuri, za a tona wasu abubuwa a nan.

A fara da waya, don ita ce ta fi kowa saurin tsufar da labari. A ɗauka an rubuta babi a 2008 inda jarumi ya sheƙa a guje daga Yelwa zuwa bakin kogi don ya gargaɗi ƙanwarsa kada ta shiga kwalekwale. A lokacin babin ya yi ma'ana: ba kowa ke da salula ba, mai ita ma ba lallai da kati a ciki ba. Yarinyar da ta karanta shi yau tambaya ɗaya za ta yi: me ya hana shi kiranta? Intanet mai sauri a waya bai iso Kamaru ba sai wajen 2014 da 2015, amma daga nan komai ya juya. Rabin dabarun tsoratarwa na dā sun dogara ne kan mutum shi kaɗai, babu mai jin kukansa, babu mai shaida. Yanzu kowane yaro yana da fitila da kyamara da taswira a aljihu.

Butcher ya toshe wannan ƙofa tun daga littafin farko da doka guda: ƙarfin tsafi yana lalata na'urorin zamani. Jaruminsa ba ya iya riƙe salula ko kwamfuta, tsohuwar Volkswagen yake ja, kyandir yake kunnawa a gida. Da haka duk sauyin fasahar da aka yi cikin shekara ashirin ya wuce ta gefensa bai taɓa shi ba. Ben Aaronovitch, a jerin da ya fara a 2011 kan wani ɗan sandan Landan mai koyon tsafi, ya bi hanya mai kama da wannan: tsafi yana cinye ƙwaƙwalwar waya in tana kunne. Su kuwa mata da mijin da ke rubutu da sunan Ilona Andrews sai suka sa tsafi da fasaha suna karɓa-karɓa a birnin Atlanta, in ɗaya ya zo ɗaya ya mutu. Abin lura shi ne dukkansu tun ran gini suka yi zane. Dokar da aka kafa a feji na uku doka ce. Wadda aka ƙirƙiro a feji na ɗari biyu don a fitar da jarumi daga rami, mai karatu yana jin warinta daga nesa.

Marubucin yankinmu ma yana da nasa uzurin na gaskiya in ya san amfani da shi: ɗaukewar wuta, rashin sabis da zarar an bar kwalta, har da toshe shafukan sada zumunta da aka yi a Chadi daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. Amma uzuri sau ɗaya ake cinsa. In caji ya ƙare wa jarumi sau uku a daidai lokacin da aljani ya fito, labarin ya zama abin dariya.

Waya ba ita kaɗai ce ke motsi ba. Takardun sefa sun canza a Disamba 2022. Man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi ta bayan fage daga Najeriya, da 'yan babur ke dogara da shi ya yi tsalle bayan Najeriya ta cire tallafi a 2023, don haka lissafin cinikin jarumi a kashin farko ba zai yi daidai da na yau ba. Filin wasan Rumde Ajiya da kewayensa sun sake kama saboda gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022. Marwa kafin 2008 ba ta da jami'a, kuma Marwa bayan hare-haren 2015 ba ta kwana irin kwanan dā. Marubuci yana da zaɓi biyu kawai masu lafiya: ko ya ɗaure labarinsa a shekara takamaimai ya tsaya a kai, ko ya bar garin ya tsufa tare da mutanen. Na ukun, wato a bar labari yana yawo a wani "yanzu" marar shekara, yana da daɗin farawa amma shi ke haifar da jarumin da ya yi wata shida a labari alhali wayarsa ta canza sau huɗu.

Mu zo ga dokar ɓoyayyar duniyar kanta, inda aikin yake da yawa. Duk wani mai iko a labari, mutum ko aljan, amsa uku ake bukata a kansa kafin ya fito fili: me yake iyawa, me ba ya iyawa, kuma me ake biya in an yi amfani da shi. Na farko kowa yana rubutawa. Na biyu wasu suna tunawa. Na uku shi aka fi mantawa, kuma shi ne ke riƙe labari mai tsawo. Ikon da ba shi da farashi yakan kashe fargaba, domin mai karatu ya san jarumi zai sake zaro shi gobe. A littattafan Aaronovitch yawan tsafi yana lalata ƙwaƙwalwar mai yinsa. A na Butcher akwai dokoki bakwai da majalisar matsafa ke yanke wa wanda ya karya su hukuncin kisa, kuma duk wata alfarma da jarumin ya karɓa daga manyan halittu bashi ce da za a zo karɓa, wani lokaci bayan littafi takwas ko tara.

Bahaushe ba ya bukatar aro a nan, don kayan aikin suna gida. Abin da muka sani game da aljanu daga Alƙur'ani da hadisi cike yake da iyakoki: suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu, a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba, suna da ƙarfi da sauri har ifritu ya yi tayin kawo gadon sarauniyar Saba kafin Annabi Sulaimanu ya tashi daga mazauninsa, amma ba su san gaibu ba, tunda sun ci gaba da wahala suna aiki ba su san ya rasu ba sai da gara ta ci sandarsa. Wannan na ƙarshen kaɗai ya isa a gina littafi goma a kansa: abokin gaba mai ƙarfin da ya fi naka nesa ba kusa ba, amma ana iya ɓoye masa magana. Ta ɓangaren al'ada kuma, tsarin da 'yan bori ke ba da labarinsa, birnin Jangare da gidajensa goma sha biyu, kowane iska da halinsa da kalar tufarsa da dabbar da ake yanka masa, tsari ne na dangantaka da bashi tun asali. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai almubazzaranci, Sarkin Rafi mahaukaci ne, Inna kuwa sunanta har ya shiga sunan cuta. Marubuci ba sai ya yarda da bori ba kafin ya lura cewa an tsara abin yadda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai dai akwai wani ƙulli da marubucin labarin Shikago bai san shi ba, namu kuwa kullum yana gabansa: ruƙiyya. In malam ya yi karatu aljani ya ƙone a kowane karo, labarin ya ƙare a feji na biyu. In kuma aka nuna an yi karatu bai yi aiki ba, masu karatu za su taso wa marubuci cewa ya raina ayar Allah, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Da yawa daga labaran da suka lalace a nan suka lalace: marubuci ya riƙa ɓoye malamin, yau ya yi tafiya Umara, gobe ba shi da lafiya, har mai karatu ya gane wasan. Hanyar da ke ɗorewa ita ce a ɗauke nauyin labarin daga kan "za a iya korar aljanin?" a ɗora shi kan mutane. Attajirin da ya ƙulla alkawarin da kansa kuma ba ya so a warware. Uwar da ta san gaskiya amma faɗinta zai rushe auren 'yarta. Aljani musulmi wanda aka gina gida a kan mazauninsa, yana da ƙorafin da ko alƙali zai saurara. Addu'a ta tsare jarumi, to, amma gawar da aka tsinta a bakin kogi tana nan, kuma kwamandan jandarma yana son ya san me ya kai babur ɗinsa wurin da ƙarfe biyun dare. Irin wannan matsala ba ta ƙarewa da tofi ɗaya, kuma ba ta taɓa imanin kowa.

Haka batun sirri. A labaran Turawa dalilin da ya sa jama'a ba su san da ɓoyayyar duniya ba shi ne ba sa so su yarda: mutum ya ga dodo da idonsa ya ce kare ne babba. Kwafo wannan a kawo Garwa ko Kusuri kuskure ne, domin a nan an riga an yarda. 'Yan mata su faɗi a makaranta, kafin azahar gari ya gama yanke hukuncin ko wane ne ya turo. Abin da ke ɓoye gaskiya a wurinmu yawan jita-jita ne: labarin gaske guda ɗaya yana nitsewa cikin na ƙarya hamsin. Haɗarin jarumi kuma ba wai a ƙi yarda da shi ba ne, a'a, a yarda fiye da kima, a kira shi maye, a taru a kansa. A Kamaru ma doka tana ciki: sashe na 251 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara biyu zuwa goma kan maita da tsafin da ke cutar da mutane ko tada hankalin jama'a. Jarumin da ke hulɗa da aljanu a bainar jama'a zai iya kwana a kurkuku. Marubucin da ya yi amfani da wannan ya samu dalilin ɓoye sirri da ba zai tsufa ba ko kyamara ta kai nawa.

Cuta ta gaba ita ce tsani. Kashi na ɗaya maye ne na unguwa. Na biyu matsafi mai ƙungiya. Na uku ƙungiyar asiri ta manyan ƙasa. Na huɗu sarkin aljanun kogi. Na biyar ifritu. To na shida fa? Kowane mataki yana mayar da na ƙasansa wasan yara, kuma tsanin yana da iyaka. Shirin talabijin na Supernatural shi ne babban darasi: an fara a 2005, wanda ya ƙirƙiro shi ya kai labarinsa ƙarshe a zango na biyar ya sauka daga jagoranci, amma shirin ya ci gaba har zango goma sha biyar, kashi 327, zuwa 2020. Shaiɗanun da a farko guda ɗaya ke girgiza zango sukutum, daga baya da wuƙa ake kashe su uku-uku kafin a tafi talla. 'Yan'uwan nan biyu, jaruman shirin, sun mutu sun dawo har mutuwa ta daina ba kowa tsoro. Da abokan gaba suka ƙare, masu shirin suka hau har inda musulmi ba zai so ko ambatawa ba.

Butcher ya fi su dabara, aƙalla zuwa wani lokaci. Yaƙin da aka kunna a littafi na uku bai ƙare ba sai a na goma sha biyu, wanda ya fito a 2010, kuma a cikin wannan littafin ya ƙwace wa jarumin ofis da gida da mota, ya sa shi ya sayar da 'yancinsa don ya ceci 'yarsa. Ƙarfin da ya samu ya zo da sarƙa a wuya. Wannan ita ce hanyar da ta fi aiki: in jarumi ya hau mataki ɗaya, a karɓe masa wani abu da mai karatu ke ƙauna. Hanya ta biyu ita ce a faɗaɗa gefe maimakon sama. Bayan sarkin aljanun Binuwai ba dole sai wanda ya fi shi ba. Ana iya komawa kan wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa wadda ba ta da ƙarfin komai sai sanin sunan jarumi na gaskiya. Ana iya tambayar me ya faru da mazauna kogin tun da aka datse shi a Lagdo a 1982, su wa suka rasa gida, su wa suka samu, kuma wa ambaliyar 2012 ta yi wa daɗi. Gari ɗaya yana da ƙofofi da yawa in marubuci ya san shi da ƙafa.

Duk da haka, a ganina, Dresden ma bai tsira gaba ɗaya ba. Bayan littafi na goma sha biyu ƙamshin ɗan bincike mai fama da kuɗin haya ya ragu, aka koma siyasar manyan halittu. Na goma sha bakwai kusan dukkansa yaƙin dare ɗaya ne a tsakiyar Shikago, a gaban kowa. Yana da armashi, amma garin da aka fara ƙauna ya zama filin daga kawai.

Yanzu lissafi, domin yawancin tufka da warwarar da ake gani ba rashin basira ba ne, mantuwa ce. Mai sakin feji na kalmomi 1,500 sau biyar a mako, in ya yi mako hamsin, ya rubuta kalmomi 375,000 a shekara. Wannan ya kai littattafai masu kauri kamar uku, babu edita, babu damar komawa a gyara abin da dubban mutane suka riga suka karanta. A shekara uku ya haura miliyan. In yana shigo da sabon mutum mai suna ɗaya kawai a mako, a shekara ukun ya tara 150. Babu kan da zai riƙe wannan.

Maganinsa littafin rubutu ne mai shafi 200, ko fayil a waya, a raba shi huɗu. Kashi na farko mutane: suna, fejin da ya fara fitowa, unguwarsa, harshen da yake yi da wa. Wannan na harshe ba ƙaramin abu ba ne a yankin da mutum ɗaya ke ciniki da Fulatanci, ya yi gida da Hausa, ya yi ofis da Faransanci, in ya tsallaka Injamena ya juye Larabcin Shuwa. Aljanin da bai jin Faransanci a feji na ashirin kada a same shi yana karanta takardar kotu a na ɗari uku. A rubuta shekarar haihuwa, kada a rubuta yawan shekaru, don shekarar haihuwa ba ta canzawa. A kuma rubuta wa ya san sirrin, tun yaushe. Kashi na biyu dokoki, da amsoshin nan uku ga kowane mai iko, tare da lambar fejin da aka faɗe su. Kashi na uku kalanda. Na huɗu basussuka: duk layar da aka binne, duk mafarkin da aka nuna, duk wanda ya ce "zan dawo", a rubuta, in an biya a soke.

Kalandar tana bukatar kulawa ta musamman. Watannin musulunci suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Azumin 2016 a farkon Yuni ya kama, daidai faɗuwar damina, na 2024 kuwa a Maris, cikin zafin da ke narka kwalta a Garwa. Labarin da ya ce shekara takwas sun wuce amma har yanzu ana shan ruwa ana jin tsawa ya yi ƙarya, kuma mai azumi zai kama shi. Haka cikin da ya ga Babbar Sallah biyu bai haihu ba, da yaron da ke aji uku tun kashin farko. A labarin aljanu azumi ma yana da nasa nauyi, tunda kowa ya san hadisin ɗaure shaiɗanu. Marubuci ya yanke tun wuri me ke faruwa da ɓoyayyar duniyarsa a wannan wata, ya kuma tsaya a kai kowace shekara.

Game da mutane, abin da ya fi taimakon Dresden shi ne kusan shekara guda ke wucewa tsakanin littafi da littafi, don haka ana ganin girma. Yarinyar da ta fito a na biyar tana 'yar shekara goma sha huɗu ta zama almajirar jarumin a na takwas. Wani likitan gawa matsoraci da ya shigo a na biyar ɗin ya zama mayaƙi a na goma sha biyar, kuma an ga kowane taki na hanyar. Irin wannan riba dogon labari kaɗai ke iya bayarwa. Sharaɗinta shi ne a taƙaita na tsakiya, mutum biyar zuwa bakwai, sauran su zo su wuce. In an kashe wani kuma a bar shi a kabari. Dawo da mamaci sau ɗaya abin mamaki ne, na biyu ya nuna marubuci tsoron masu sharhi yake.

Akwai tsufan da kundi ba ya magancewa, wato na ɗabi'a. Yadda littattafan Dresden na farko ke tsayawa suna ƙare wa kowace mace kallo daga sama har ƙasa, masu karatu da yawa yau yana gundurarsu. Namu labaran ma suna da irin nasu: maye kullum tsohuwa ce matalauciya, matsafi kullum daga wata ƙabila ta kan dutse yake, kishiya kullum ita ce mai zuwa gidan boka. A garin da Bahaushe da Bafulatani da Bakotoko da Bamusgu ke cin kasuwa ɗaya, irin wannan rubutu yana saurin tsami, kuma yana da illa a wajen littafi, tunda zargin maita a nan yana iya raba tsohuwa da gidanta.

Sai maganar tsayawa. Mai karɓar kuɗin karatu ta Orange Money ko MoMo ko Airtel, kowane ƙarin feji kuɗi ne, don haka komai yana tura shi ya ja. Alamomin ja a bayyane suke: a sace jaruma karo na uku, a shigo da tagwaye, jarumi ya manta komai, a yi feji goma ana shirin biki. Ilona Andrews sun nuna babban abokin gaba tun da wuri, suka nufe shi, suka rufe babban labarin a littafi na goma a 2018 bayan farawa a 2007, sannan suka koma wannan duniyar ta wasu ƙofofi. Wannan ya fi lafiya: a rufe, a buɗe sabo da wani jarumi a gari ɗaya. Dogon shiru ma yana da nasa lahani. Tsakanin littafi na goma sha biyar da na sha shida na Dresden shekara shida aka yi, daga 2014 zuwa 2020, kuma abin da ya fito littafi ɗaya ne da ya yi girma aka raba shi biyu, na farkon ya zama kamar shimfiɗa kawai. Mai sakin feji a waya ba shi da wannan alfarma. Wata biyu na shiru ya isa guruf ya watse.

Mai son ya auna jerin da yake bi, ya koma feji ashirin na farko bayan ya kai ƙarshe. Ya duba ko dokar da aka faɗa a can tana nan da ranta, ko abin da ya ba shi tsoro a can har yanzu zai iya cutar da jarumin, ko kuma akwai wata 'yar magana da ya wuce a karon farko wadda yanzu ta yi nauyi. Dresden ya ci ta farko da ta uku, ta biyun kuwa rabi da rabi. Littattafansa biyu na farko su ne mafi rauni, shi ya sa masoyansa da yawa ke ce wa sabon shiga ya daure har na uku ko na huɗu, wasu ma su ce ya fara daga na bakwai sannan ya dawo baya.